Shekarar da Na Bar Bilandi Ya Yi Rawaya

Da sunan Wanda ya tsirar da ganye, ya kuma sa masa ranar faɗuwa. Ni ce Hansatu 'yar Anaruwa, mutuniyar Tudun Algashi, garin da ke bayan tafkuna masu ɗaci, inda ayari ba ya zuwa sai in ya ɓata hanya. Na yi tafiya ba don son tafiya ba, na ga abin da ban roƙi gani ba, na kuma dawo da abin da ba shi na fita nema ba. Mai wurin zama ya zauna, zan faɗi yadda aka yi.

A garinmu ba a noma. Ƙasar kanwa ce, in an zuba iri sai ya ƙone. Abin da ke riƙe da mu itace ne da ake kira bilandi, kowane gida da nasa a tsakar gida. Yakan yi fure da bazara tun babu ganye a jikinsa, ya nuna da farkon damina. 'Ya'yansa ake shanyawa a daka a yi tuwo, ƙwallon kuma a matse a sami mai.

Tun zamanin kakannin kakanninmu aka yi wata annoba ta ciwon shawara, da kaka, daidai lokacin da ganyen bilandi ke juyewa rawaya. Idanun mutane suka yi launin ganyen, aka yi ta binnewa har masu haƙa suka ƙare. Waɗanda suka saura suka dubi idanun matattu, suka dubi itatuwa, suka ce daga nan ne. Sai aka kafa doka: ba ganyen da zai sake yin rawaya a cikin ganuwa. Kowane gida yana da mai ƙugiya, wanda zai hau ya tsinke ganye da zarar ruwa ya ɗauke, a kai bayan gari a ƙone. Da farko sai ganye ya soma dusashewa ake taɓa shi. Daga baya aka shiga gasa, kowa na so a ce gidansa ya fi tsabta, har ya zama ana zage itace tas yana kore shar.

Ni ce mai ƙugiyar gidanmu. Mu biyu muka rage, ni da yayata Tabawa, wadda ƙafafunta suka mutu tun tana budurwa, take jan jiki daga ɗaki zuwa gindin itace. Shekara da shekaru 'ya'yan bilandi na ƙanƙancewa a duk garin, amma namu ya fi kowanne lalacewa. Wata damina ta zo, bai ba da ko ɗaya ba. Doka kuwa ta ce itacen da ya daina haihuwa, rawaya ta riga ta shige masa ciki. Sai a sare shi, mutanen gidan su fita Farar Fadama, inda masu haƙar kanwa ke zaune a bukkoki, ba inuwa, ba rijiya kusa. Mai ƙafa yakan rayu a can. Marar ƙafa ba ya ganin wata damina.

Magajin Ganye, wato mai kula da wannan doka, wani dattijo ne mai suna Nomau, abokin mahaifinmu. Ya yi sallama da hantsi, gatari a kafaɗa.

Yaya Tabawa ta ce, "Baba Magaji, ka zo da gatari ba ka zo da goro ba? Haka ake zuwa gidan 'yan mata?"

Ya ce, "Waɗanne 'yan mata, Tabawa? Furfurarki ta kusa kamo tawa."

"Taka ta tsufa ce, tawa ta ado ce."

Ya yi 'yar dariya. Ya zaga itacen, ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya daɗe yana kallon ƙafafun Yaya. Sa'an nan ya ce, "Na ɗauki alkawari a gaban Allah, ba wanda zai sa wa itacen nan ƙarfe har farkon damina mai zuwa. In ya haihu, ko kaɗan ne, ya tsira. In bai haihu ba, ranar kada ku kira ni Baba, don ba zan iya amsawa ba."

Ni dai a lokacin abin da kowa ya sani shi na sani: rawaya ce cutar, kore ne lafiya. Na taɓa jin wasu fatake suna labarin ƙasar da ganyenta ba ya dusashewa har abada. Na ce in na samo irin wannan koren na kawo wa itacenmu, ya warke. Na ɗaure ɗan sauran garin bilandi, na damƙa Yaya a hannun maƙwabciyarmu Lanti.

Yaya ta ce, "Je ki. In kin tsinci miji a hanya ki taho da shi, ya riƙa jawo mini ruwa." Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Na ƙetare tafkuna masu ɗaci, na bi gabas har takalmana suka cinye, sai na iso Dawwama, ƙasar da fataken suka faɗa. Tun daga nesa na hango ta, kore shar daga wannan gefen sama zuwa wancan. Na durƙusa na yi godiya. Amma da na shiga ƙarƙashin itatuwan sai na ji wani abu: iska na kaɗawa, ganyen na ƙara kamar busassun fatu. Ba tsuntsu, ba ƙudan zuma. Na miƙa hannu na taɓa wani ganye, ya ruguje a tafina, garinsa kore.

Mutanen Dawwama dogaye ne, ƙasusuwansu a waje, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da ruwa a faifai. Suka karɓe ni da murna, suka zaga da ni suna nuna mini itatuwa. Ganyensu yakan mutu a kan reshe da korensa, ya zauna nan, na bana ya fito 'yan ƙanana a tsakanin gawarwakin na bara. Wata tsohuwa da ta sauke ni ta kawo mini ruwa a ƙwarya mai ado, ba ta kawo komai bayansa ba. Na jira. Da yunwa ta ishe ni na kwance ƙullin garina, sai na ga idonta ya kafe a kansa.

Na ce, "Iya, me itatuwanku ke haifa?"

Ta ce, "Kyau."

"Ana cin kyau?"

Ta waiga, ta jawo ni bayan ɗaki, ta ɗaga murfin rumbu. 'Ya'yan itace ne cike, manya, masu sheƙi. Ta fasa ɗaya da yatsa biyu. Ba komai a ciki sai iska da ɗan zare.

Ashe a Dawwama duk baƙon da ya leƙa rumbu ba ya fita, don kada ya kai labari. Wani ya gan mu. Kafin in ɗaura kayana dogarai sun taso, kowa da mashinsa. Na fita da gudu, na nufi tudun da ke gabas da gari, na tabbata kwanana ya ƙare. Da na kai rabin tudun na waiga, sai na gan su a ƙasa, wannan ya dafa gwiwa, wancan ya zauna a kan dutse yana haki. Babbansu ya ɗaga murya da ƙyar.

"Baiwar Allah, ki tsaya mana mu kama ki! Aikinmu ne!"

Na raba garina biyu, na ajiye rabi a kan wani falalen dutse inda za su gani, na ci gaba da tafiya irin ta mai zuwa kasuwa. Ba wanda ya wuce dutsen nan. Ban ɗauko ko reshe ɗaya daga Dawwama ba.

Bayan tudun hanya ta gangara Kwarin Ƙuna. Na shiga da la'asar sakaliya, na tarar da gari duka a rufe da rumfuna masu kauri, daga ƙofa zuwa ƙofa, ba inda rana ke taɓa ƙasa. Wata mata mai suna Iyatu ta gan ni ina layi don yunwa, ta zaunar da ni, ta zubo mini miyar ganye mai zafi. Na shanye, ta ƙara. Ina suɗe kwano mijinta Cindo ya shigo da awaki. Fuskarsa duk tabo ne, kunnuwan awakin kuma sun cinye kamar an gasa.

Ya dubi kwanon, ya dube ta. "Iyatu! Me kika ba baƙuwa?"

"Abin da nake ba ka."

"Ni ai na riga na lalace! Ita kin tambaye ta ko wucewa za ta yi?"

"To in bar ta ta mutu a ƙofata, a ce matar Cindo marowaciya ce? Kai da ko ruwa ba ka iya ba mutum sai ka yi masa wa'azi."

Cindo ya zauna, ya riƙe kai. Ya ce da ni, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, ta kashe ki da alheri." Ya jawo wani reshe ya nuna mini. A kwarinsu ganye in ya tsufa yakan soma sauya launi, sai ya tsaya a tsakiya, ba kore ba, ba rawaya ba, wani irin ruwan ƙasa-ƙasa, kamar ɗinkin da aka fara kwancewa aka bari. A inuwa ba ya komai. Amma da rana ta taɓa shi sai baƙin tabo ya fito, ya bazu, ganyen ya ƙone, wani lokaci har da reshen. Wanda ya ci shi kuwa, mutum ko dabba, abin yakan shiga jininsa, rana ta riƙa dafa fatarsa. Ba su da wani abinci sai shi.

Na ba su labarina. Cindo ya ce shi bai san maganin itace ba, amma bayan filin da ke gaban kwarin akwai Gagarasara, itacen da kowane ganyensa gari ne, kuma mutanen ciki ba abin da ba su sani ba game da kore. Sai dai filin ba shi da inuwa, in rana ta faɗi kuma na kuraye ne.

Iyatu ta ce, "Ki zauna da mu mana. Ga rumfa, ga miya."

Da safe na gwada. Na miƙa hannu waje, kafin in ƙirga yatsuna bayan hannun ya tashi bororo. Na zauna ina kallon rafin da ke bin gefen gari, sai na lura da wani tsohon bunsuru. Shi kaɗai ke fita rana, kuma kafin ya fita sai ya yi birgima a taɓo. Na sauka rafin, na shafe jikina da yumɓu tun daga tsakar kai har tafin ƙafa, har fatar ido, na bari ya sha iska na ƙara wani. Iyatu ta cika mini salka da taɓo, tana kuka tana dariya.

Ta ce, "Wallahi kin zama tulu. In kin faɗi ki faɗi a hankali."

Haka na ƙetare filin, ina tafiya ina fashewa ina liƙewa. Inda yumɓun ya zube ban sani ba, a wuya da gefen fuska, har yau tabon na nan.

Gagarasara ba a ganin ƙarshensa. Gindinsa na ɗauka dutse ne, sai da na ga ƙofa. A ciki akwai hanyoyi biyu, ɗaya ruwa na hawa, ɗaya zaƙi na sauka, da matakala a tsakani. Na yi ta hawa ina shan zaƙin nan, har na ji zafin miyar Iyatu ya bar jinina. Daga reshe zuwa ƙaramin reshe, daga nan na bi wani siririn lungu, na fito cikin ganye.

Ɗakuna ne jere ba iyaka, bangonsu garau kamar ruwa, haske na ratsawa. A kowane ɗaki an jera gadaje bisa juna, na wani abu fari mai taushi kamar cuku. A jikin kowane gado an ɗaure zobba kore, kowane zobe da ɗan farin dutse a tsakiyarsa da doguwar jela da aka ɗaure shi da ita. Zobban ke kama hasken rana, gadajen su karɓa su dafa iska da ruwa su zama zaƙi. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Na tsaya hawaye na zuba.

Sai na ji ana cewa, "Ke, kauce! Ba ki ga ana aiki ba?"

Wani gajeren mutum ne, jikinsa garau kamar bangon, da guduma a ɗamara. Ya ce sunansa Dangana, shi ne Sarkin Rusau na wannan ganye. Bayansa mutane ne da yawa, kuma abin da suke yi ya sa na ƙwalla ƙara. Farfasa zobban suke yi.

Na tsaya na kalli yadda suke yi, don hannuwansu ba sa kuskure. Ɗaya ya kwance zobe daga gado, nan take ya rufe shi da jikinsa. Na biyu ya ɓanɓare farin dutsen, koren ya dushe. Na uku ya yanke jelar. Na huɗu ya sa guduma ya buɗe zoben ta gefe guda. Yana buɗewa sai ya yi ja wur kamar jini, ƙiftawar ido, sa'an nan wani shuɗin haske ya gilma, sa'an nan ya zama ba launi, kamar ruwa. Sai a jefa shi wata rijiya da ke tsakiyar ɗakin. Gadajen kuwa a yayyanka su gunduwa-gunduwa, a ɗora wa masu ɗauka, su bi lungu su sauka cikin itace.

Na ce, "Ranka ya daɗe, koren fa? Ina za a kai shi?"

"Rijiya. Ba ki gani ba?"

"Zubarwa kuke yi?"

Ya ce, "To me za mu yi da shi? Gado muke so. Farin abin gadon nan da kike gani, saiwa ke wahalar tsotso shi daga ƙasa, kaɗan-kaɗan. Da shi ake gina fure, da shi ake cika 'ya'ya, da shi ake gina ganyen baɗi. Ganyen nan ya tsufa, sanyi na tafe, ba za mu bar dukiya ta faɗi ƙasa ba. Amma gado ba ya ɗaukuwa sai an kwance zobe."

Na roƙe shi ya ba ni zobe ɗaya in kai gida. Ya dube ni kamar mai duban yaro, ya kwance ɗaya, ya sa mini a tafi, ya ce in matsa inda rana ke shigowa. Na matsa. Zoben ya kama hasken kamar yadda ya saba, amma ba gadon da zai miƙa wa. Ya yi zafi, ya tartsatsa, tafina ya soma ƙauri. Dangana ya fizge shi ya fasa.

Ya ce, "Shi ya sa ba ma barin ko ɗaya a kwance. In ya zauna da ransa, ya ƙone ɗakin da masu ɗaukar kaya tun ba su fita ba. In aka cire dutsen aka bar shi ba a buɗe ba, ya fi haka mugunta."

Na tuna Kwarin Ƙuna, na tuna Dawwama inda ba a kwance komai. Ina riƙe da hannuna sai na ga ɗakin da aka gama kwashewa. Bangonsa rawaya ne, mai haske kamar garin ɗorawa. Na ja da baya, na rufe hanci da mayafi.

Na ce, "Cutar ta shigo."

"Wace cuta?"

"Wannan. Wa ya kawo ta?"

Ya ce, "Ba wanda ya kawo ta. Tun ranar da aka gina ɗakin take nan, ita ke tare wa zobba rana in ta yi yawa. Kore ne ya rufe ta. In kin ga rawaya, kaya sun isa gida ke nan."

Sai na gaya masa yadda muke yi a Tudun Algashi. Ban taɓa ganin magana ta tsayar da aiki haka ba. Masu guduma suka sauke hannu. Dangana ya ce, a hankali, "Da gadajen a ciki kuke tsinkewa?"

"I."

"Ku ƙone?"

"I."

"Kowace shekara?"

Na gyaɗa kai. Ya juya ya ce wa mutanensa su ci gaba.

Na zauna da su har aka kwashe ganyen daga gefe zuwa tsakiya, jijiyoyin suka zama ƙarshen kore. A wuyan ganyen, inda lungu ya haɗu da reshe, magina na ta da bangon toshiya, kullum ƙofar na ƙara matsewa. Ranar da za a fita iska ta taso ba shiri. Aka busa ƙaho, kowa ya ruga. Su jikinsu na lanƙwasa kamar ruwa, suka zurare ta 'yar kafar da ta rage. Ni kafaɗata ta ƙi shiga. Na ji wuyan ganyen na tsagewa a ƙarƙashin gwiwata.

Dangana ya leƙo ta kafar. "Koma tsakiya ki kwanta! Ba komai a cikinsa, ba zai faɗi da nauyi ba!" Aka liƙe kafar.

Ganyen ya rabu da reshe. Na jira faɗuwa, ba ta zo ba. Ya yi ta lilo a sama kamar gashin tsuntsu. Da na rarrafa gefe guda sai na ji ya karkata can, na koma ɗaya gefen ya biyo ni. Sai na nemi yamma, na tsaya a gefenta, in ya yi ƙasa da yawa in ja baya, in ya miƙe in matsa gaba. Ta bangon rawayar nan na ga rumfunan Ƙuna sun wuce a ƙarƙashina, na ga koren Dawwama, na ga tafkuna. A cikin ciyayin tafki na ƙarshe ya sauke ni, ya jiƙe, ya yage, na fito.

Na shiga gari ruwa ya ɗauke, hayaƙin ganye ya riga ya soma tashi a bayan ganuwa. Yaya Tabawa ta dubi fuskata ta daɗe.

Ta ce, "Mijin ne ya yi miki haka?"

Na zauna na gaya mata duka. Ta ɗaga kai ta dubi itacen, da ɗan ganyensa da bai kai rabin na da ba. Ta ce, "Kin san hukuncin mai ƙugiyar da ta bar rawaya: kora."

"Na sani. A kan mai ƙugiya yake, ba a kan gida ba. Itacen kuma Baba Magaji ya yi alkawari."

"Za su shigo su tsinke da kansu."

"Sai in yana kore. In ya juya, wa zai iya tsayawa a ƙarƙashinsa?"

Sai ta ce, "Jawo turmi ki tokare ƙofar."

Aka yi ta buga ƙofa. Na ce ba ni da lafiya, gobe. Gobe ta yi na ce jibi. Lanti ta ce a buɗe ɗanta ya hau mana, Yaya ta ce ai Hansatu kishi gare ta da ƙugiyarta. Da suka gaji suka kawo tsani, na hau katanga na buɗe fuskata, na ce duk wanda ya ɗora ƙafa zan tura shi. Suka ga tabon, suka ja baya suna salati. Nomau ya zo da kansa, na faɗa masa abin da na gani daga kan katangar, jama'a na ji.

Ya ce, "'Yar nan, kakar kakata ta binne 'ya'yanta duka sai ɗaya a shekarar nan da ake faɗa. In kin yi kuskure, wa zai haƙa?"

Ni kuwa ban je inda ake sanin ciwon shawara ba. Itace kawai na sani.

Washegari gefen ganyen ya juya. Aka watse daga ƙofarmu kamar an ga wuta, aka jibge ta da ƙaya, maƙwabta suka kwashe yaransu. Muka zauna mu biyu a ƙarƙashinsa. Rawayar ta taso daga gefe tana bin jijiya, kamar yadda na gani a can, har itacen duka ya kama haske. Tun da aka kafa dokar ba mai rai da ya ga haka. Yaya takan tsinci wanda ya faɗo, ta auna shi a tafi, ta ce, "Ji shi, ba nauyi." Kowace safiya takan ja fatar idona ta duba, ni ma in duba nata. Fari ne.

Da ganye na ƙarshe ya faɗi aka janye ƙaya, aka kira ni daga nesa. Ba wanda ya taɓa ni. Da dogayen sanduna aka raka ni har ƙofar gari, aka ce in an sake ganina kusa da ganuwa, jifa ce. Na tafi Farar Fadama, na koyi haƙar kanwa.

Bayan gidanmu jikin ganuwa yake. Da ruwan farko ya sauka na kasa haƙuri. Na zagayo ta cikin ƙaya da rana tsaka, lokacin da masu gadi ke neman inuwa, na manna baki a wata tsaga na kira. Na ji jan jiki, a hankali, ya daɗe kafin ya iso. Sai wani abu ya tsallako ganuwar ya faɗo gabana. Ɗan bilandi ne, ƙarami, bai kai ƙwan zabo ba. Na fasa shi da haƙori. A cike yake.

Muryar Yaya ta ce, "Kin gani? Baba Magaji ya leƙo ta saman katanga, ya gani, ya koma da gatarinsa. Bai shigo ba dai."

"Sauran gidaje fa?"

"An sare na gidan Lanti. Sun ce rawayarmu ce ta kama shi."

"Wa ke shigo miki?"

Ta ce, "Wa zai shigo? Ai ya fi. In kaka ta yi ba mai zuwa taimaka mini da tsinka. Ruwa kuwa na koyi ja da kaina, kin ga ba na buƙatar mijin." Muryarta ta dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Ke dai zauna. Ina da magana cike da ciki, ban san ta inda zan fara ba. Kin san kazar nan mai wuyan tsiya? To, ranar da aka fitar da ke..."

Na zauna. Ta soma ke nan na hango su daga kusurwar ganuwa, masu gadi, suna tafe suna tsintar duwatsu. In na yi sallama za ta ji, za ta kuma ji abin da zai biyo baya. Na tashi a hankali, na ja da baya cikin ƙaya. Har na yi nisa ina jin muryarta ta tsagar, tana ba da labarin kazar, tana tsayawa daidai inda ya kamata in yi dariya.